Wasan Mai Kunya, Bugun Damargu

A 2018 wasu masu ƙirƙira a Kanada suka fitar da wasan kwamfuta mai suna Celeste. Wata budurwa ce, Madeline, take tsalle daga tudu zuwa tudu tana hawan dutse, alhali babbar abokiyar gabarta ita ce fargabar da ke ranta. Wasan ya ci kyaututtuka, wai ya taɓa zuciyar masu ɗari-ɗari da duniya.

Madalla. Da dai sun leƙo Ollelewa ta Damargu, da sun ga inda ake buga na gaske, ba waya ba caji. Can magani ake nemar wa mai kunya, nan kuwa ƴa ake ba shi, sai dai kafin ya same ta ya sha wuya.

Matakan farko: ga fadar samari ana dafa shayi, ba ka wucewa sai ka sha kofi na uku. Ga dattijo a gindin aduwa: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ya gero, ya dabbobi. Ka amsa duka a tsugune, ka mayar masa ɗaya bayan ɗaya.

Matakin ƙarshe suruka ce. Ka hango ta a hanyar rijiya, ba dutsen fakewa, fili fetal har Tanout. Ka tuɓe takalmi ka ratse gona, ƙarangiya ta yi maka sallama. Madeline in ta faɗi, nan take ake tashinta ta sake gwadawa. Kai kuwa, kuskura ka ci tuwo a gaban surukarka, har jikokinka sai sun ji labari.