Masu Sunan Aro da Ire-irensu

Kalmar laƙabi, wadda Hausa ta aro daga Larabci, tana nufin sunan da ake kiran mutum da shi bayan sunansa na yanka, wato wanda aka raɗa masa ranar suna aka zubar da jinin rago a kansa, kuma a bisa al'ada jama'a ce ke bayar da shi, ba a tambayar ra'ayin mai shi.

Daga cikin masu ɗauke da shi akwai wanda alkunya ta ɓoye, wato yaron da ya ci sunan kakansa, iyaye suka ji nauyin ambata suka koma ce masa Abba. Irin wannan yakan yi furfura bai taɓa amsa sunansa na gaskiya ba, har ranar da ma'aikaciyar asibiti za ta leƙo da kati tana ƙwala masa kira, shi kuwa yana kan benci yana taya ta waige-waigen neman mai sunan. Akwai kuma wanda laƙabi ya haɗiye ɗungurum, kamar marigayi Rabilu Musa, wanda ya rasu a 2014 alhali da yawa daga masu kallon finafinansa Ibro kaɗai suka sani.

Wanda ya fi kowa ƙarfin hali shi ne mai naɗa kansa, wanda ya ga jama'a na jinkirin gane darajarsa sai ya hutar da su, ta yadda mai gyaran babur ya wayi gari Injiniya, mai tallar maganin basir da lasifika a tasha ya zama Dakta, wanda ya raka maniyyata filin jirgi kuma ya dawo gida Alhaji. Ƙaninsa na zamani yana Facebook, inda yake amsa Yariman Samari, yana jingine da motar da ba tasa ba. Shi kuwa mai sunan bogi, wato na ƙarya tsagwaronta, yawanci maci bashi ne, Isa ne a Kantin Kwari, Musa a Kasuwar Kurmi, kuma rajistar BVN ta bankuna ta rage masa walwala ƙwarai.

Abin tausayi shi ne wanda aka liƙa wa sunan da ya tsana, kamar Ci-Tuwo, domin da zarar yaran unguwa sun gane yana bin su da sanda in sun faɗa, sunan ya zauna ke nan, har ya zama da shi ake yi wa baƙi kwatancen gidansa.