Kafin Ka Tsine wa Mai Shago, Leƙa Bayan Talabijin

Na san samarin Tudun Ƙofa sun riga sun taɓe baki. Wai a zamanin da ake kallon fim a tafin hannu, wa ke ta DVD? Sannunku 'yan boko, ku da kuka leƙa jami'ar Keffi kuka dawo da manyan wayoyi. Ku shiga ɗakin Hajiya ku ɗaga ƙyallen nan na ƙarƙashin talabijin, na'urar tana nan a lulluɓe. Bikin yayarku, walimar saukarku, tafsirin azumin da Baba ya saya, duk a faifai suke, YouTube bai san da zamansu ba. Ran da aka ce a kunna wa baƙi kuwa, ku ɗin za a kira, ku yi ta haɗa zufa a bayan akwati kuna cewa na'urar ce ta mutu.

Ba ta mutu ba. Yawanci ku ne ba ku iya ba.

Wayar da ta zo da ita kai uku gare ta: ruwan ɗorawa na hoto, ja da fari na sauti. Kowa ya san wannan, in ji ku. To me ya sa amarya ta fito fari da baƙi, alhali an kashe kuɗi a leshi? Saboda bayan talabijin na zamani akwai wasu ramuka, kore da shuɗi da ja, kuma ja biyu ne a wurin, ɗaya na hoto ɗaya na sauti. Waɗannan ukun raba aikin hoto suka yi: kore na ɗauke da haske da duhu, sauran biyun na ɗauke da launi. Kai kuwa da ba ka ga ramin ruwan ɗorawa ba, sai ka cusa a kore ka ce ai duk rami rami ne. Hoto zai zo, launi ya ƙi. A wasu talabijin ramin nan guda aiki biyu yake yi, za ka ga an zagaye shi da kore da ruwan ɗorawa. Nan daidai ka sa, saura ka ɗauki rimot ka zaɓi AV. Shi ke nan. Kuɗin acaɓa zuwa wurin mai gyara ya huta.

Alhaji, na hango ka kana girgiza kai. Ka ce wayoyinka daidai suke, amma hoton na ta gudu sama kamar guga a bakin rijiya, launi kuma babu. Taka na'urar ɗanka ne ya aiko daga waje, ko? Najeriya tsarin PAL take bi, mai layi 576 a hoto, Amurka kuwa NTSC, mai layi 480. In na'ura na fitar da ɗaya, tsohuwar talabijin na jiran ɗayan, ba za su jitu ba. Shiga saitin na'urar, in tana da wannan zaɓin, ka mayar da ita PAL. Ba sammu ba ne, kada ka tayar da Malam da tsakar dare.

Yanzu ga masu babbar ƙara, waɗanda suka sayar da tsohuwar mai ƙeya suka ɗauko filasma faffaɗa daga Abuja, suka kunna tsohon fim, suka ga fuskar jarumi dishi-dishi, suka rantse an sayar musu da jabu. Yallaɓai, talabijin ɗinka gaskiya ta faɗa maka, tsohuwar ce ke rufa wa faifan asiri. Fina-finan Hausa na bidiyo a kaset suka fara, tun Turmin Danya a 1990, daga baya 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka koma faifai. Da yawa daga abin da muke kira DVD a gida ba DVD ba ne, VCD ne, wanda hotonsa ɗigo 352 ne a faɗi, 288 a tsaye. DVD na gaske 720 ne da 576. Filasmarka, in cikakkiya ce, 1920 da 1080 take nema. Dole ta ja ɗan hoton nan ta shimfiɗa shi ya cika fuskarta, duk wani tabo ya fito fili. Wayar HDMI, in na'urarka na da raminta, za ta rage hazo, ta kuma haɗa hoto da sauti a waya guda, amma ba za ta ƙirƙiro abin da ba a ɗauka ba. Kada wani ya ruɗe ka da mai kan zinare; a tazarar da ke tsakanin teburi da bango, mai araha ma aikin ɗaya take yi.

Sai ku masu cin riba, da kuka sayi faifai guda mai fim ashirin kuna murna. Faifan DVD na yau da kullum gigabait 4.7 yake ci, an yi shi ne don fim ɗaya na kimanin awa biyu. Ku yi lissafin da kanku. Shi ya sa in aka fara rawa a fim ɗin Indiya kowa ke farfashewa ya koma murabba'i-murabba'i. Wannan ko mai gyaran Alaba ya zo sai dai ya taya ku kallo.

In kuma kun ga kowa ya yi ƙiba ya gajarce, har ango siriri ya zama attajiri, saitin faɗi ne. An ɗauki bikin a 4:3, kun baje shi a 16:9. Wasu surukai, na lura, sun fi son a bar shi haka.

Ƙurar hunturu ita ce ke sa na'ura ta yi ta juyi ta ce ba faifai, ga shi kuwa a cikinta. Idon da ke karantawa ne ya yi datti, ko faifan ya sha yatsun yara masu maiƙon ƙosai. A goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Kada a bi shi zagaye, domin bayanan a zagaye aka jera su, ƙarzuwar da ta bi layin ta fi ɓarna. Shi kuma Baffa da ke hura wa faifai iska ya goga a gaban riga, ya ɗaka wa na'ura duka biyu a ka, na san zai ce ai jiya da ya buga ta yi. Ta yi, Baffa. Tiren da ya daina fitowa sai an zura masa cokali, shi ma aikin hannunka ne.