Farillan Neman Gida ga Saurayin Jibiya

Ya kai saurayi mai safara tsakanin Magama da Ɗan Isa, wanda aure ya gabato alhali kuwa tabarmarsa na shimfiɗe a shagon ƙanin babansa, ka sani hukuma ta tanadi taimako ga mai neman gidan farko, amma taimakon yana da farillai kamar alwala, wanda ya tsallake guda sai ya sake daga niyya.

Farilla ta fari ita ce rajista da Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 ƙarƙashin bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN. Mai albashi ana cire masa kashi 2.5 cikin 100 kowane wata, kai kuwa da arzikinka ke hawa da sauka tare da farashin sefa, kuma ka ga yadda rufe iyaka a 2019 da 2023 ya busar da kasuwar Lahadi, wajibi ne ka riƙa kai naka da hannunka wata shida a jere kafin ka nemi lamuni, ko da hakan zai raba ka da tsiren yamma da shadda ta uku ta Sallah.

Sai mas'alar takarda, nan ne ƙafar mutanenmu ke zamewa. Mun saba a sayi fili gaban mai unguwa da dattawa, a raba goro, a shafa fatiha, kuma wallahi shaidarsu abar girmamawa ce; sai dai banki ba ya iya sa dattijo cikin fayil, abin da yake nema shi ne shaidar mallaka mai sa hannun gwamna, bisa dokar ƙasa ta 1978. Saboda haka ka hau motar Katsina da wuri, da hotunanka cikin leda, da guzurin haƙuri.

Lamunin yana da ruwa kashi 6 cikin 100, ana biya har shekara 30, don haka kafin ka dangwala yatsa ka nemi fatawar malaminka a kan riba, ka kuma tambayi ma'aikatan bankin tsarin da mutum ke biyan haya har gida ya zama nasa.

In dillali ya kai ka fili mai araha a kwari, ya rantse cewa ruwa bai taɓa zuwa nan ba, ka gode masa, ka tambayi maƙwabta inda ambaliyar Yulin 2018 ta tsaya, sa'an nan ka nemi tudu, ko da amarya za ta yi ƙorafin nisan rijiya.