Gidauniyar Hajiyoyi

Duk taron gidauniyar mata 'yan kasuwa a Kano, wanda ke fara cin riba shi ne mai atamfa a Kantin Kwari, domin sai an fitar da anko kafin a sa rana. Tela na biye da shi, sai mai ɗaurin kallabi.

Kati ya ce ƙarfe goma, uwar taro ta iso bayan la'asar. Kafin nan mai turaren wuta ta sayar wa mai humra, mai humra ta sayar wa mai dambun nama, duk bashi, sai Alhaji ya ɗauki albashi. Wai ƙulla hulɗar kasuwanci ke nan.

Babbar mai ƙaddamarwa ta karɓi makirufo, ta yi alƙawarin miliyan guda. Guɗa ta tashi, zabiya ta wasa ta har kakanninta. Ma'aji, baiwar Allah, tana ta leƙa waya. Saƙo ya shigo kuwa, amma banki ne ya cire kuɗin kula da kati.

Iya mai ƙosai, da ba a gayyata ba, ta girke kaskonta a bakin ƙofa. Kowa ta fito da yunwa, Iya kuma ba ta karɓar alƙawari.