Injin Ɗurin Baffa

A danginmu, duk wanda ya yi boko an ɗauka ya san komai. Idan rediyo ta daina magana, ni za a kawo wa. Idan akuya ta ƙi cin dusa, ni za a aiko wa yaro a ji ko intanet ta ce wani abu a kai. Ina koyarwa a sakandare, ina kuma da babbar waya, to a wurinsu magana ta ƙare. Shi ya sa da hannun Baffa ya samu matsala, taron dangi bai ko gama shan fura ba aka ɗora mini nauyin.

Baffa ƙanen mahaifina ne, kuma ɗan bindiga ne tun yana saurayi. Ina nufin 'yan bindigar Sarki, masu bindigar toka da ke cika gari da ƙara da hayaƙi ranar hawan sallah, ba waɗancan na labarai ba, Allah ya raba mu da su. Garinmu, Kafin Hausa, a ƙasar Haɗeja yake, saboda haka sallar Baffa ba ta cika sai ya bi tawaga ya je ya yi harbinsa a gaban fada, ya dawo fuska baƙi ƙirin, murya a dishe, kunne ba ya jin sallama. A cewarsa bindigar nan ta ga yaƙin 1906, lokacin da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya tari sojojin Turawa a Haɗeja. Gaskiya an sake mata bututu a zamanin kakan su Baffa, an sake kota a zamanin mahaifinsu, kunamar ma a gabana aka sauya ta. Amma wanda ya ce ba ita ce ta 1906 ba, ya nemi wani gidan da zai ci tuwon sallah.

Hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin dama ya taɓu. Aka yi ta kai shi gashi asibiti a Dutse, Allah ya sa ƙafa ta dawo, baki ya dawo, har ma ya fi da. Hannun ne ya ƙi. Yatsu uku ba sa damƙa. Harbi ba matsala, ya koya wa hagu jan kunama. Ɗuri ne ya gagara, domin bindigar toka ta baki ake ɗura ta, kuma tura tsumma har ƙasa da sandar ƙarfe aiki ne na mai damƙa. Ma'aikaciyar gashi ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa safe da yamma. Ya dube ta, ya dubi ƙwallon, ya ce, "'Yar nan, jikokina ma sun wuce wannan." Kafin mu iso Kiyawa ya kyautar da ita ga yaron mota.

Umarnin taro a bayyane yake: "Kai da ka yi boko, nemo mana injin da zai yi masa ɗuri."

Na shiga intanet, sai ga ni a tsakiyar Amurkawa. Ashe a can akwai mutanen da ba sa zubar da kwanson harsashi idan sun harba. Tsince shi suke yi, su kai gida, su sake cika shi da wata na'ura da ake ɗaurewa a jikin tebur, mai dogon hannu da ake ja ƙasa. Kamfanoni ne guda a kan wannan sana'a: akwai RCBS da aka kafa a Kalifoniya a 1943, akwai Lee, akwai Dillon na jihar Arizona. Na'urorin iri uku ne. Ta farko aiki ɗaya take yi a kowane ja, sai ka gama da kwansuna duka ka sauya mata kai ka sake komawa. Ta biyu kanta juyawa yake yi, matakan suna bin juna. Ta uku kuwa kowane ja harsashi guda take fitarwa a kammale. Har na tarar da tsofaffinsu masu ciwon gaɓɓai suna ba juna shawara: a nemi mai dogon hannu don ƙarfin ja ya ragu, a sa mata mariƙi mai juyawa don kada a wahalar da wuyan hannu, a guji wadda za ta sa mutum tsintar ƙananan abubuwa da yatsu. Na zauna na yi jadawali a bayan takardar jarrabawar ɗalibai, na ba kowace na'ura maki, ta ukun ta zo na ɗaya.

Na kira ɗan gwaggona da ke Kantin Kwari a Kano, mai shigo da kaya daga Chaina, na ce ya duba mana hanyar da za a kawo ta. Ya yi shiru har na zaci katina ne ya ƙare.

"Malam, maimaita. Injin me?"

"Na cika harsashi. Na Baffa ne."

"To ka ji, ni ban san ka ba, ban san Baffa ba, wannan lambar ma ba tawa ba ce."

Da ya huce ya kira ni da wata wayar, ya karanta mini karatun da ban nema ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana kowa ƙera ko haɗa harsashi in ba a ma'ajiyar makaman gwamnati ba, shigo da kayan harbi kuma sai da lasisi. Ita kanta bindigar toka tana da nata sashe a dokar, a ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha, shi ya sa Baffa yake adana takardarsa cikin leda uku a ƙasan adaka. "Kai kana da fansho a gaba," in ji shi, "ni atamfa nake sayarwa. Ka bar mu mu mutu a gidajenmu."

Duk da haka na ce bari Baffa ya ga irin ci gaban da duniya ta yi. Na kunna masa bidiyon wani jibgegen Bature mai gemu yana jan hannun na'ura, harsasai suna zubowa cikin akwati. Baffa ya gyara tabarau, ya kalla har ƙarshe.

"Wannan me yake niƙawa?"

"Baffa, harsashi yake cikawa. Kun ga kwanson nan? Shi ake mayarwa."

"Ɗauko mini bindigata."

Na ɗauko. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya miƙo mini. "Nuna mini inda kwanso yake shiga, ɗan boko."

Inna, matar Baffa, da ke tsince shinkafa a gefe ta yi dariya har tire ya karkace.

Labari ya kai kunnen maƙerin unguwarmu, mutumin da bai taɓa cewa "ban iya ba" tun da aka haife shi. Ya kalli bidiyon sau ɗaya, ya taɓe baki. "Abin da Bature ya yi da hannu, mu da ƙafa za mu yi shi. Ba ƙafar Baffa lafiya lau take ba?" Wallahi maganar ta shige ni. Na biya kuɗin ƙarfe, na biya na gawayi, na biya na shayin yaran da ke zuga. Ya samo gindin wani tsohon keken ɗinki, ya ɗora masa katako, ya haɗa da sarƙar keke da wani ƙarfe mai hawa da sauka, ya yi wa bindiga gurbin tsayawa baki sama. Mutum ya zauna, ya taka, sanda ta sauka cikin bututu. Har fenti kore ya shafa masa.

Ranar gwaji Inna ta kafa sharaɗi: ƙwayar albarushi ɗaya ba za ta shiga tsakar gidanta ba. Aka yarda a gwada da tsumma zalla. Baffa ya sa babbar riga, ya zauna a kujera, maƙwabta suka cika zaure. Ya ce bismillah, ya taka.

Wanda ya taɓa ɗinki ya san halin keke: idan ya ɗauki gudu, ba ya tambayar mai shi ko ya isa. Sanda ta sauka lafiya, ta hau, ta sake sauka, ta sake hawa, tana dukan cikin bindigar 1906 kamar mata uku a kan turmi ɗaya. Baffa yana ihu "Tsaya! Tsaya!" ƙafarsa kuma tana ci gaba da takawa, domin shi bai taɓa hawa keken ɗinki ba balle ya san yadda ake sauka. Maƙeri yana cewa "A hankali, Baffa, da dunduniya!" Katako ya fara tafiya da kansa ya nufi kajin Inna. Can sai muka ji ƙaras, komai ya tsaya. Sanda ta lanƙwashe a ciki, tsumma ya cushe, bindiga da inji sun zama abu ɗaya. Aka ja, aka murɗa, aka zuba man gyaɗa, aka kira wani mai dambe ya gwada. Ko motsi.

Maƙeri ya ce sai an kai maƙera. Muka ɗora abin a kan kurar 'yan ga-ruwa, bakin bindiga ya karkata gaba, ni ina turawa, Baffa yana biye da sanda yana tsine wa boko tun daga kan wanda ya kawo shi. Yara suka biyo mu. Wasu ɗaliban Jami'ar Sule Lamido da ke jiran mota suka ɗaga wayoyi. Kafin mu kai tasha labari ya riga mu: malamin sakandare ya sayo igwa. Kafin mu wuce masu tsire an ce daga Libiya aka kawo ta. Wata tsohuwa ta kwashe tallan ƙosanta ta shige wani gida ba sallama.

A ƙofar maƙera muka tarar da Mai Unguwa yana jiranmu, tare da babban su Baffa a harkar bindiga, wani dattijo da kunnensa ya daɗe da yin ritaya. Na yi bayani, na nuna takardar Baffa, na nuna tsumma, na rantse babu albarushi. Mai Unguwa ya zagaya injin, ya taka sau ɗaya, ya ce a rufe shi da buhu kafin labari ya kai Dutse. Shi kuwa dattijon bai ce komai ba sai da ya gama kallo, sannan ya daka tambaya da irin muryar waɗanda ba sa jin kansu:

"Ranar hawa, a tafe muke ɗuri, dawaki a bayanmu! Wa zai goya teburin?"

Maƙeri ya ce za a iya sa masa taya. Ba wanda ya tanka masa.

Dattijon nan ne ya warware matsalar da ta cinye mini albashi. Ya ce tun zamanin iyayensu, idan ɗan bindiga ya tsufa ko hannu ya gaza, ba a cire shi daga sahu. Saurayi ake haɗa shi da shi, ya riƙa yi masa ɗuri, tsoho ya harba, yaro kuma ya koyi sana'a a tsaye. Ashe ɗan autan Baffa, ƙato mai shekara ashirin da wani abu, ya daɗe yana so, tsoron tambaya yake yi. Taron dangi bai tuna da shi ba saboda bai yi boko mai zurfi ba. Da sallah ta zo suka tafi Haɗeja su biyu, suka dawo baƙi ƙirin, kowa yana yi wa ɗan'uwansa magana da ihu.

Injin kuwa bai yi asara ba. Da aka raba shi da bindiga, Inna ta sa aka dawo mata da shi, ta ce wa maƙeri ya cire sandar ya sa faffaɗan katako. Ita ma shekaru sun cinye mata yatsu wajen matsar tunkuza, ga shi ƙuli-ƙuli ne sana'arta. Yanzu mai yana fita ba tare da ta murɗa hannu ba, matan unguwa har layi suke yi, tana karɓar kuɗin haya. Mai takawa kuma Baffa ne, wanda ya ƙware har yana tsayawa da dunduniya. Mulmula ƙulin ma shi ta ɗora wa, da hannun dama, kuma ma'aikaciyar gashi ta ce yatsun sun fara damƙa, a ci gaba da duk abin da ake yi.

Na je neman kasona, tunda da kuɗina aka sayi ƙarfen. Inna ta ƙirgo mini ƙuli biyar a leda, ta ce sauran sai na nemo mata a intanet injin da zai hana Baffa cinye rabin abin da yake mulmulawa.