Zuwa Ga Bawana Bazabarmen Zugu, Injiniyan Da Ya Ɓatar Da Sérou

Zuwa ga bawana Bazabarme, mazaunin Zugu, wanda ya je Jami'ar Paraku ya ci sakwara har wuyansa ya yi kauri, ya dawo ya ce daga yau a kira shi Injiniya. Labarin aika-aikar da ka yi ya haura Malanbil da Gaya ya iso mana Tsibirin Gobir, kuma tunda ka ƙi kawo kanka, ni ubangidanka zan yi maka shari'ar a bainar jama'a.

Jama'a, ku saurara. Wata ƙungiyar manoman yazawa da mata masu tsintar kaɗanya ce ta ba wannan bawan Allah aikin rubuta manhajar da za ta zauna a kwamfutar ofishinsu, ta riƙe sunan kowane mamba, da ƙauyensu, da kilo nawa ya kawo, da sefa nawa yake bi. Aiki mai sauƙi. Ran da aka buga takardar biya ta farko, aka nemi Sérou sama da ƙasa aka rasa. Gari sukutum a cikin gundumar Zugu, ya wayi gari sunansa SÃ©rou. Ɗanladi ya koma ÆŠanladi, Ƙasimu ya koma Æ˜asimu. Tsofaffi suka karɓi takarda suna jujjuyawa, suna tambayar ko laya aka rubuto musu.

Da aka titsiye Injiniya, sai ya ce cuta ce ta shiga kwamfutar. Aka wanke, ba ta sake zani ba. Ya ce zafi ne. Aka kunna fanka. Da hanya ta ƙare masa sai ya juyo kanmu: wai haruffan Hausa sun cika tsage kamar fuskar Bagobiri, don haka a goge ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, kowa ya huta.

Kai bawana! Na san inda ke maka ƙaiƙayi. Tun da Allah ya halicci bakin Bazabarme bai taɓa furta ƙ ba, shi ya sa ka samu dama kake son duniya duka ta koma irin Hausarka, wadda ake ce wa namiji "ta zo". To é ɗin Sérou fa, ita ma Bagobira ce? Ita da ta zo daga Faransa? Kuma da ka gwada rubuta Zabarmanci a manhajar taka, da ka ga ŋ ta koma Å‹. Da ita ake fara rubuta ŋwaari, wato abinci, kuma na san da nan ɓarnar ta faro da ba ka kwana ba sai ka gyara.

Zauna in karanta maka abin da aka koyar ran da ka tafi neman kwaɗon zogale. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Amurkawa sun fito da tsarin ASCII a 1963, mai gurbi 128, ya ishi Turanci bai ishi kowa ba. Daga baya aka faɗaɗa zuwa gurbi 256, kowane yanki da nasa jadawalin. Wanda kwamfutocin Benin da Nijar suka gada shi ne Windows-1252 na yammacin Turai: akwai é da ç a ciki, babu ƙ, babu ŋ, babu ɛ da ɔ da ake rubuta Baatonum da sauran harsunan Benin da su. Sai a 1991 Unicode ya fito da niyyar bai wa kowane harafi na duniya lambarsa shi kaɗai, a 1992 kuma Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar zuba waɗannan lambobi cikin fayil. A UTF-8 harafin Turanci bayit ɗaya yake ci, é da ƙ da ɗ kuwa bibbiyu. Ita é ana ajiye ta da C3 da A9. Kai ka ajiye fayil da UTF-8, ka zo ka buɗe shi da Windows-1252, wanda ya ɗauka kowane bayit harafi ne mai zaman kansa. Ya dubi C3 ya ce Ã, ya dubi A9 ya ce ©. Ga SÃ©rou ɗinka nan, babu aljani, babu zafi.

Ɓarnar ma iri-iri ce, kuma likitan kirki yana gane cuta daga kamanninta. In ka ga tarkace irin Ã© da Æ™, ka gode Allah, bayanan suna nan lafiya, karatun ne aka yi da jadawalin da ba nasa ba, sake buɗewa da UTF-8 kawai ake bukata. In ka ga ɗan akwati fayau a gurbin harafi, nan ma ba a yi asara ba, salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da zanen harafin, sai ka koma wa irin su Noto Sans ko Charis SIL. In baƙin lu'ulu'u ne mai alamar tambaya a ciki, to an juya lamarin: tsohon fayil ne aka tilasta masa karatun UTF-8. Amma in ka ga alamar tambaya tsirara, ?anladi da ?asimu, to sai dai a yi ta'aziyya. An tura harafin cikin jadawalin da ba shi da gurbinsa, aka jefar da shi aka dasa alamar tambaya, kuma ba malamin da zai dawo da shi. Wannan ita ce ta same ka a rumbun bayanai, don ka buɗe gurbin suna da varchar a SQL Server maimakon nvarchar, ka kuma manta da N ɗin da ake sawa gaban rubutu. Na ji an ce sai da aka bi mutane ƙauye-ƙauye a kan babur ana sake tambayarsu sunayensu. Allah ya sa kai ka biya kuɗin man.

Akwai kuma ranar da sakatariya ta buɗe fayil ɗin CSV da ka fitar mata a Excel, ta tarar da komai cunkushe a layin tsaye ɗaya. Excel ɗin Faransanci waƙafi mai ɗigo yake jira tsakanin bayanai, don shi waƙafi zalla aikinsa raba lamba da ɓurɓushinta ne, kamar 12,5. Sannan in fayil bai fara da bayit ukun nan ba, EF BB BF, waɗanda ke shelar cewa UTF-8 ne, yakan karanta shi da tsohon jadawalin kwamfutar. Bayit uku kacal, bawana, ko goro ɗaya ba su kai ba. A wannan fayil ɗin ne kuma lambobin waya suka guntule. Tun ran 30 ga Nuwamba 2024 lambobin Benin suka koma goma, kowacce ta fara da 01, kai kuwa ka ajiye su a matsayin adadi, sifirin farko ya faɗi. Wa ya taɓa tara lambar waya da lambar waya? Rubutu ce, a ajiye ta a rubutu.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne N'Dali. Garin da duk motar da ta tashi daga Paraku ta nufi Malanbil sai ta ratsa shi, amma manhajarka da ta ji sunansa sai ta sume. Dalili, kana liƙa abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL, ɗan waƙafin saman nan kuwa shi ne alamar rufe zance a wurin SQL. Sai ka kafa doka wai a riƙa rubuta Ndali. To 'Yar Baba fa, da Sa'idu, da Ma'u? Duk sai an yi musu sabon suna da rago? Wannan ƙofar da N'Dali ta faɗa ita ce wadda ɓarayin intanet ke bi su kwashe rumbu ko su share shi. Maganinta a ba umarni daban, a miƙa bayani daban ta gurbin da aka tanadar masa, ko wane yaren manhaja yana da wannan hanya.

Ko bayan an gyara duk wannan, da sauran rina a kaba. Ana iya rubuta é a dunƙule da lamba guda, ana iya rubuta e a ɗora mata alama da lamba ta biyu. Ido ɗaya yake gani, kwamfuta biyu take gani, sai a nemi Sérou a ce babu alhali ga ta. Kafin ka ajiye, kafin ka nema, daidaita rubutun zuwa siga ɗaya, wadda ake kira NFC. Haka 'y ta Najeriya da ƴ ta Nijar: sauti ɗaya ne, mambobinka kuma daga ɓangarorin biyu suke, sai ka koya wa manhajar ta ɗauke su ɗaya wajen nema. Wajen jera sunaye kuma kada ka bar ta ta bi girman lamba, in ba haka ba Ƙasimu zai koma bayan Zubairu, ya yini a layi rana na dukansa.

Yanzu mu zo kan babban laifi, wanda ya taɓa aljihu. Ka gina fuskar manhajar da WPF, ka ɗaure kowane akwatin rubutu da bayanin da ke bayansa, don abin da aka rubuta a allo ya sauka cikin lissafi, abin da ya canja a lissafi ya hau allo. Dabara ce mai kyau a hannun mai hankali. Wata baiwar Allah ta kawo kaɗanya kilo 12,5, magatakarda ya rubuta yadda aka koya masa a lakwal, manhaja ta ajiye 125. WPF, in ba ka gaya masa ba, ɗauka yake kowa Ba'amurke ne, ko da Windows ɗin da Faransanci take magana, a Amurka kuwa waƙafi na raba dubbai ne, sai ya share shi ya wuce. Matar ta tafi gida tana sa maka albarka, ma'aji ya kwana yana lissafi da yatsu. Haka 03/04, uku ga Afrilu a Zugu, ta koma huɗu ga Maris. Layi ɗaya ake rubutawa a farkon manhaja a ce ta bi harshe da al'adar kwamfutar da take ciki, shi ke nan.

Akwai wasu laifuffuka biyu, su ma na sakaci ne. Akwatin rubutu ba ya miƙa abin da aka sa masa sai an fita daga cikinsa, don haka magatakarda ya rubuta sabon nauyi, ya danna Enter, aka ajiye tsohon. Sai ka sa UpdateSourceTrigger ya zama PropertyChanged. Jimilla kuma ta ƙi motsi a allo ko da lissafi ya canja a ciki, don ba ka sa INotifyPropertyChanged ba, jerin mambobi ma ka zuba shi a List maimakon ObservableCollection, sabon mamba ya shiga ba wanda ya sanar da allo. Shi ɗaurin bayanai in ya tsinke ba ya ihu. Yana rubuta kokensa a tagar Output ta Visual Studio, wadda na tabbata ka rufe don ta tare maka wurin kallon kokawa.

Abin da ke ba ni haushi, Zugu ba baƙuwar harsuna ba ce. A da zango ce a kan hanyar fatake daga Kano zuwa Gwanja, ayarin goro na sauka a unguwar Wangara, ana ciniki da Dendanci da Hausa, Yom da Lokpa da Fulatanci na kewaye. Madugai sun riƙe lissafin bashi da ajami a cikin gafaka, daga Salaga har Kurmi, ba a ce wa kowa ya rage sunansa don tawada ta gaza ba. Yau har Adlam, rubutun da 'yan'uwa biyu Ibrahima da Abdoulaye Barry suka ƙirƙiro wa Fulatanci a Gini, ya shiga Unicode tun 2016. Ran da Bafulatani mai kawo muku wagashi zai ce da shi yake son sunansa, in ka koma MySQL sai utf8mb4, don haruffan Adlam bayit hurhuɗu suke ci. Injin ya shirya wa kowa. Injiniya ne bai shirya ba.

Ga hukunci. UTF-8 daga allon shigarwa har rumbu har takardar da za a buga, kuma a kowace mahaɗa ka faɗa da bakinka, kada ka bar kwamfuta ta yi canke. Kafin ka sake miƙa wa kowa manhaja, ka gwada ta da Sérou, da N'Dali, da Ɗanladi, da kilo 12,5, da lambar waya mai 01. Ƙugiyarmu kuma tana nan daram, wanda bakinsa ya kasa ya je ya koyo. Tara kuwa wagashi goma ne da buhun doya, ka haɗo da kuɗin sharar bara da ka maƙale, ka sa a motar Gaya. A kan buhun ka rubuta sunana da hannu, ban yarda da na'urarka ba.