Jinjina ga Matthew Hopkins, Gwanin Gano Mayu

Idan ana lissafa haziƙan da Ingila ta haifa, rashin adalci ne a tsallake Matthew Hopkins. Lokacin da Sarki Charles na Ɗaya da majalisarsa suka shagala da yaƙin basasa, wannan matashi ne ya tuna cewa mayu na nan suna cin karensu babu babbaka. Bai wahalar da hukuma da neman takardar naɗi ba. Da kansa ya naɗa wa kansa muƙamin Janar na masu gano mayu.

A Maris 1645 ya fara nuna jarumtarsa a garin Manningtree, inda ya tunkari Elizabeth Clarke, tsohuwa matalauciya mai ƙafa ɗaya. Ba kowane namiji ne ke da wannan zuciyar ba.

Ga shi da bin doka. Dokar Ingila ta hana azabtar da wanda ake tuhuma, saboda haka shi da abokin aikinsa John Stearne ba sa duka. Iyaka dai a hana mace barci kwana da kwanaki, a yi ta zagaya ɗaki da ita har ƙafafunta su yi bororo. In ƙuda ko ɓera ya gifta, shi ke nan, aljaninta ne ya zo shan jini. Sannan mata masu bincike su tuɓe ta, su bi jikinta da tsinin allura suna neman tambarin Shaiɗan. Tsohuwar da ba ta da tabo ko tsiro a jiki kuwa ba a haife ta ba tukuna, don haka aikin bai cika faɗuwa ƙasa banza ba.

Shari'ar ruwa ta fi burge ni. A ɗaure mace hannu da ƙafa a jefa ta tafki. In ta taso, mayya ce, ruwa ya ƙi ta. In ta nutse, madalla, ta fita daga zargi, sai a yi fatan a ciro ta da sauran numfashi.

Gwanin ba ya nuna bambanci. John Lowes, limamin cocin Brandeston, dattijo mai shekara wajen 80, shi ma ya sha zagayen ɗakin har ya amsa laifi. Yana cikin mutum 18 da aka rataye rana ɗaya a Bury St Edmunds, 27 ga Agusta 1645. An ma karrama shi da damar karanta wa kansa addu'ar jana'iza.

Duk wannan hidima a farashi mai rahusa. Garin Stowmarket ya biya fam 23 kacal, Ipswich kuwa sai da ta ɗora wa jama'a haraji na musamman. Ikon Allah, garin da ya biya da wuya a rasa mayya a cikinsa.

Mahassada ba su bar shi ba. A 1646 wani limamin coci, John Gaule, ya fito yana sukar dabarunsa. Hopkins ya mayar da martani da littafi a 1647, ya rasu a Agustan shekarar, a gida, ba tare da kowa ya gwada shi a tafki ba.

Kimanin mutum 100 aka rataye a wannan farauta, yawancinsu mata talakawa. A 1736 Birtaniya ta daina hukunta mutane da laifin maita. Waɗanda aka rataye dai babu wanda ya dawo.